Shekara Mai Tausa da Ƙafar Manu

Kakata Balki ba ta yarda kowa ya matsa mata jiki. Ko da tsufa ya kama ta, baya ya ƙage, in ka kai hannu za ka taimaka sai ta ture ka ta ce, "Rabu da ni. Ku duk mulmula mutum kuka iya kamar curin fura. Mai tausa ɗaya aka yi a Matamaye, ita ma an ci amanarta." A bakinta na ji labarin Shekara, kuma ban taɓa jin ta kai ƙarshensa ba tare da ta ja tsaki ba. Ni ma ga shi na gaji tsakin.

Shekara baiwa ce. A zamanin nan kafin zuwan Nasara, lokacin da mayaƙan Damagaram kan kai hari kudu su dawo da mutane a igiya, aka kamo ta a bakin rijiyar wani ƙauye na ƙasar Kazaure. Ta bar miji, ta bar tsohuwar uwa, ta bar ƴarta Maryama wadda ko yaye ba a yi mata ba. Musulma ce, tana salla, amma ba wanda ya tsaya ya tambaye ta wannan. Aka yi ta wucewa da ita hannu zuwa hannu har ta faɗa gidan Manu mai kanwa, wanda danga ɗaya ce ta raba shi da gidan da aka kawo Balki tana amarya. Aikinta surfe da daka da jan ruwa, da damina kuma gona.

Ta gwada gudu tun daminarta ta fari. Ko ƙauyen Yauri da ke nan kusa ba ta wuce ba aka komo da ita, aka sa mata mari, ƙarfen ya ci idon sawunta ya bar tabon da ta shiga kabari da shi. Daga nan ta gane cewa baiwa mai gudu kowa a hanya abokin gabanta ne, amma wadda aka ƴanta a gaban shaidu sai ta bi ayarin fatake da rana tsaka, ba mai ce mata ina za ki. Ƙauyensu kuwa ba bangon duniya ba ne, tafiyar ƴan kwanaki ce. Wannan kusancin shi ya fi cin ranta.

Shi Manu falke ne. Kanwa yake saye daga gabas, ya ɗora wa takarkarai ya kai Kano, ya komo da zanen turkuɗi da goro. Abin taƙamarsa a duniya shi ne magana ɗaya gare shi, kuma gaskiya ne, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai dai yadda yake awo haka yake magana: bai taɓa tauye wa kowa mudu ba, bai kuma taɓa yi wa kowa gyara ba. Irin mutanen nan ne da ba ka da abin da za ka kai ƙararsu a kai, amma ba ka marmarin sake haɗuwa da su.

Wata shekara a kan hanyar dawowa, takarkari ya zame a gangare ya faɗo masa da kaya duka a kan ƙafar dama. Cinya ta karye. Aka kawo shi gida ranga-ranga, aka ɗauko maɗori daga Icirnawa ya ɗaure ta da kara da tsumma. Maɗorin ya san aikinsa, ƙashi ya haɗe sumul. Amma kafin a kwance ɗaurin, Manu ya daɗe kwance har ƙafar ta manta aikinta. Gwiwa ta sandare, naman cinya ya zube, ƙafa ta koma kamar muciya. Wanzami ya yi ƙaho, aka yi sakiya, aka sha rubutu har ciki ya gaji, ƙafa tana nan inda take. Mutumin da ya saba ratsa daji ya koma salla a zaune, ban ɗaki ma sai an riƙe shi. Fatauci ya koma hannun babban ɗansa Muntaka, shi kuma ya zauna yana yi wa mutanen gida masifa.

Ashe maganin yana cikin gidan, a gindin turmi. Uwar Shekara ita ce mai tausar ƙauyensu. Ita ke gyara ƴan kokawa lokacin kaka, da mata masu jego, da manoman da huɗa ta riƙe wa ƙugu, kuma tun Shekara tana ƙarama take riƙe mata kaskon mai. A gidan Manu ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai in an taso daga gona, ƴan'uwanta bayi kan kwanta a inuwar rumbu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana warware musu baya. Matar Manu ta gani, ta kai masa labari.

Ya sa aka kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ya yaye zane ya nuna mata gwiwar.

"An ce kin iya. Ga ta nan."

Ba ta taɓa gwiwar ba. Ta ce ya kwanta rub da ciki, ta bi da babban yatsa tun daga ƙugu, ta gangaro bayan cinya a hankali, har ta iske wani wuri da ya ɗaure kamar igiyar guga. Ta danna. Manu ya kurma ihu har awakin gidan suka watse.

"Ke! Gwiwa na ce miki!"

"Na ji, Baba. Gwiwar kuka kawai take yi. Abin da ya shaƙe ta yana nan sama."

"Za ta lanƙwasu?"

"Za ta lanƙwasu in ka jure. Amma za ka zage ni, za ka zagi uwata, kuma ba yau ba ne, ba gobe ba."

Da la'asar aka fito da shi zaure wurin masu dubiya, cikinsu har da Malam Isufu limamin gari. Tun bayan dannar nan Manu yake jin yatsun ƙafarsa suna ɗan motsi, abin da ya fid da rai da shi. Murna ta kwashe shi. Ya sa aka kira Shekara bakin zaure, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zama shaida. Ranar da na taka da ƙafafuna na shiga filin Idi, Shekara ta zama ɗiya, ba baiwar kowa ba ce, ta tafi inda take so." Malam Isufu ya ce madalla, aka shafa fatiha. Kafin magariba Shekara ta zo bakin danga ta kira Balki, wadda ba su taɓa wuce gaisuwa ba, ta nuna mata wata ƴar maƙwabta da ke wasa a ƙasa. Ta ce, "Waccan sa'ar ƴata ce. Kina ganin tawa ta kai ta tsawo?"

Ban san wanda ya taɓa yi wa ƙafar wani bauta irin wadda Shekara ta yi wa ƙafar nan ba. Da hantsi takan soya yashi a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta gasa cinyar har nama ya yi laushi. Sa'an nan man shanu. Ta fara da tafin hannu, ta koma yatsu, inda ya yi tauri ta sa gwiwar hannu, inda ya gagara ta miƙe ta dafa bango ta sa diddige. In ta gama sai ta tallabi ƙafar ta lanƙwasa gwiwar kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani, ta riƙe har ya gama zagin da zai yi. Wurin da ya kumbura ta ɗumama ganyen tumfafiya ta rufe. Ta ɗaura masa igiya a azara ya riƙa jan jikinsa yana tashi, ta aje masa taɓarya a ƙasa ya riƙa murzawa da tafin ƙafa. Ya zage ta, ya zagi uwarta kamar yadda ta faɗa, wata rana ma da zafi ya kai masa karo ya jefe ta da buta. Ta share jinin goshinta ta ce ya juya, saura ɗaya gefen.

Damina ta wuce, rani ya bi bayanta. Manu ya tsaya, ya ratsa tsakar gida da sanda, ya kai zaure, ya kai masallaci. Ranar da ya fara yin sujada kamar kowa sai da ya yi hawaye. Daga baya ya yar da sandar ya shiga kasuwa, sai ɗan ɗingishi da ba kowa ke lura ba. Shekara takan bi sawunsa a yashi tana dubawa. In diddigen dama bai nutse kamar na hagu ba, ta san inda za ta taɓa gobe.

Azumi ya zo ya wuce. Ranar ƙaramar salla ta yi masa tausa mai sauƙi da sassafe, ta ƙulle ƴan tsummokaranta, ta je ta tsaya a bakin zaure. Manu ya fito cikin babbar riga da rawani, yana takawa ɗai-ɗai, ƙafa ƙalau. Ya tsaya a ƙofar gida ya dubi gabas, inda filin Idi yake a bayan gari. Sai ya juya ya ce wa bawansa Inusa, "Kawo jaki."

Shekara ta matso. "Baba, ƙafar za ta kai ka. Shekaranjiya ka je gona ka dawo, ta fi filin nisa."

"Na sani."

"To, jakin fa?"

"Cewa na yi ranar da na taka. Ban ce yau ba."

Ya haye, ya gyara riga, Inusa ya kora jakin suka bi jama'a. Ita kuma ta tsaya nan da ƙunshinta a hannu har masu salla suka fara dawowa.

Kashegari ta je ƙofar Malam Isufu ta durƙusa. Ta ce, "Allah gafarta Malam, kai ne shaida."

"Ni ne, na kuwa yi masa magana. Na gaya masa zuwa Idi a ƙasa ya fi lada, ya ce ya yafe ladan. Yarinya, sharaɗi ya sa, sharaɗin bai cika ba. Hawan jaki ba ya ɓata salla, ni kuma ba ni da ikon sauko da shi. Ki yi haƙuri."

Haƙuri! Ta kuwa sha shi har ya ishe ta, don ba abin da Matamaye ta ba ta a yalwace kamarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Manu bai ma ɓoye dalilinsa ba. Ƙafar ta warke, amma ta saba da hannu. In aka kwana biyu ba a taɓa ta ba, ko ɗari ya shigo, sai ta fara ɗaurewa. A zaure yakan ce wa abokansa, "Yau in ta zama ɗiya, gobe ta kama hanya. Ko ta zauna ma ta haramta gare ni, ɗiyar mutane ba ta taɓa cinyar namijin da ba nata ba. To wa zai riƙa yi mini? Ni tsoron Allah nake ji." Abokan su gyaɗa kai su ce ai kuwa da gaskiyarsa. Ka ji fa, har tsoron Allah aka jawo aka ɗaure ta da shi.

Haka aka yi ta yi, ƙaramar salla jaki, babbar salla jaki. Sauran kwanakin shekara Manu a ƙasa yake zuwa ko'ina, har kasuwar Kance. Jakin nan sai da yaran gari suka sa masa suna Na'idi. Ita kuwa Shekara sunanta ya fita. Da yake baiwa ce ba wanda ya damu da tsare mata kunya, maza da mata duk ana kawo mata. Ƴan alaro da kaya ya nutsar wa wuya, masaƙa da zama ya cinye wa ƙugu, mata masu daka da kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, tsofaffin da sanyi ya shiga ƙashinsu, duk a tabarmarta suke kwanciya su tashi suna sa mata albarka. Hatsin da suka kawo na godiya kuwa rumbun Manu yake shiga.

Ba zan ce mutanen unguwa ba su taɓa yunƙurawa ba. Wata shekara Na'idi ya mutu ana gab da salla, sauran jakunan gidan kuma suna hanyar Kano tare da Muntaka. Kakana Ummaru, mijin Balki, ya bi gida gida yana raɗa. Da safiyar salla Manu ya aiki Inusa aron jaki, ko'ina ya je sai a ce ai ya tafi daji kiwo. Unguwa guda ba jaki ko ɗaya. Mutane suka jeru a bakin hanya da kayan sallarsu, kowa yana son ya ga yadda mai magana ɗaya zai yi. Manu ya fito ya dube su, ya gane. Sai ya ce, "Inusa, durƙusa." Haka aka goya shi, dattijo da furfura a gemu, rawani ya karkace, ƙafafu biyu masu lafiya suna reto, har cikin sahu. Gari ya yi dariya kamar ciki zai yi ciwo. Dariyar ce iyakar abin da suka iya, suka koma gida suka ci tuwon salla. Da yamma Inusa ya sami Shekara a gindin rumbu, ya kasa duban idonta, ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Me ka yi mini? Bayanka nasa ne, kamar yadda hannuna yake nasa."

Shekaru suka tura, furfura ta fito mata. Wata rana da kaka aka kawo mata wani baƙon ɗan alaro da wuya ya ƙi juyawa. Tana cikin aiki ta ji harshensa irin na gida. Ta tambaye shi garinsu, ya ambaci kasuwar da ƙauyen su Shekara ke ci. Hannunta ya tsaya. Ta ce ko ya san gidan mai tausa.

"Wa bai san shi ba, Inna? Tsohuwar ta rasu tuni. Ƴarta kuwa tun da mahara suka tafi da ita ba a sake jin ɗuriyarta ba, mijin ma ya yi wani aure. Amma jikar tana nan, Maryama, na bar ta da goyo. Ita ma tana ɗan taɓa tausar, sai dai ba ta sami mai koya mata sosai ba."

Shekara ta gama masa wuyan tsaf, har ya juya kai hagu da dama yana mamaki. Sa'an nan ta ce, "In ka koma ka gaya wa Maryama uwarta tana nan da rai a Matamaye. Ka ce mata ina tafe."

Daga ranar ta janye hannunta daga ƙafar Manu, ba tare da ta daina zuwa ba. Ta soya yashi, ta shafa mai, ta mulmula fata, amma ba ta shiga inda jijiyar take. Abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta gaya wa Balki cewa uwarta ta hore ta kada ta cuci jikin da ya kwanta a gabanta, kuma kullum yatsunta suna jin ƙullin suna wucewa ta kansa kamar ta yi kuka. Ɗari ya shigo, ƙafa ta ɗaure. Manu ya koma sanda, daga sanda ya koma zama.

Wata safiya tana shafa man ya ce, "Kin daina."

"Kullum ina zuwa, Baba."

"Ke kina zuwa, hannunki ba ya zuwa. Ni da ke mun san juna."

Sai ta faɗi abin da baiwa ba ta faɗa. "Ƙafar da ba ta zuwa Idi, ban ga abin da za ta je yi kasuwa ba."

Ya sa aka yi mata bulala. To, bulala tana sa a yi daka, tana sa a ja ruwa, amma ba ta sa yatsa ya nemo jijiya. Kashegari ta zo da bayanta a farfashe ta ci gaba da mulmula fata. Ƙaramar sallar shekarar a gida ya yi ta, don ko jakin bai iya hawa ba. Ga tsufa, ga abokan zaure suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya aika aka kira Malam Isufu da dattawan unguwa, ya rantse a gabansu cewa babbar salla mai zuwa da ƙafarsa zai je, ba jaki, ba goyo. Malam Isufu ya ce, "Manu, ka ƴanta ta yanzu mana ka huta." Ya ce, "A'a. Abin da na faɗa shi zan yi, ba ragi ba ƙari. Ta gyara, in taka."

Ta koma kan ƙafar kamar za ta ba ta ranta. Yanzu ba naman jiya ba ne, na tsoho ne, in ka danna da ƙarfi ya yi fushi, in ka sassauta ya ƙi ji. Safe da yamma tana kai. Ta tashe shi, ta zagaya da shi tsakar gida, ta kai shi zaure, ta kai shi bakin masallaci. Ta kuma koya masa dabara guda, tana maimaita masa kamar karatu: "In ka ji cinya ta fara rawa, kada ka yi gardama da ita, Baba. Ka durƙusa a kan mai lafiyar, ka dafa sanda, ka huta, sa'an nan ka tashi. Ba wanda ya ce sai ka je a guje."

Sallar ta faɗo a tsakiyar bazara, tun da safe gari ya ɗau zafi. Ta dama masa kunu ta kawo, ya ture ya ce ranar layya ba ya karyawa sai da hantar ragonsa. Ta roƙe shi ya sa riga ɗaya mara nauyi, ya sa biyu ya naɗa rawani, don ya san gari duka shi zai kalla. Aka kama hanya. Yashin bayan gari mai zurfi ne, kowane taki sai an ciro ƙafa. Manu yana tafe da sanda, ɗansa Muntaka a damansa, jama'a sun rage sauri suna kabbara. Shekara tana can baya cikin tsofaffin mata, Balki a gefenta, idonta a kan diddigensa, bakinta yana motsi kamar yana jin ta.

Jerin duwatsu ne iyakar filin Idi. Manu ya zo dab da su, dab ɗin da in ya miƙa sandarsa za ta taɓa su, sai cinya ta fara rawa. Ya tsaya, ya dafa sanda, ya sauka a hankali a kan gwiwar hagu. Shekara ta damƙi hannun Balki ta ce, "Yawwa, haka na ce masa. Yanzu zai tashi."

Sai aka ji muryar Muntaka: "Subhanallahi, Baba ya faɗi!" Ya sunkuya ya cusa kafaɗa a hammatar uban. Nan take maza suka rufa, wannan ya kama ƙafa, wancan ya kama ƙugu, suka ɗaga shi sama cak.

Shekara ta keta cikin maza a guje, kallabi ya faɗi, tana ihu. "Ku aje shi! Ku bar shi a ƙasa! Hutawa yake, zai tashi da kansa! Don Allah ku aje shi!" Wani ya tare ta da mari ta zube a yashi. Ana ta cewa, "Ku dubi baiwa marar imani, tsoho ya faɗi tana cewa a bar shi a rana." Balki ta rantse mini ta ga Manu yana bugun kafaɗar ɗansa, bakinsa yana motsi, amma kabbara ta rufe abin da yake faɗa. Waɗansu suka ce riƙo yake nema kawai. Aka tsallaka duwatsun da shi a sama, aka dire shi a sahun gaba, kowa yana jin ya yi aikin lada.

Aka yi salla, aka zauna huɗuba a rana, ga ciki ba komai, ga riguna biyu. Da aka watse Manu bai tashi ba. Baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, harshe ya yi nauyi. Kalma guda ta ishi Shekara a lokacin, ya ce ya ƴanta ta, shi ke nan. Ta bar ƙafar ta koma kan wuya da muƙamuƙi, tana ɗumamawa tana murzawa, tana kiran Baba, Baba, ko harshen zai saki. Sai ya zuba mata ido, miyau yana zuba. Kafin shuka ta tsiro aka kai shi makwancinsa.

Malam Isufu ya tara waɗanda suka halarci Idi ya tambaye su, da ƙafarsa ya shiga ko ɗauke da shi aka shiga. Kowa ya faɗi abin da ya gani, ba wanda ya yi ƙarya. Malamin ya roƙi Muntaka ya ƴanta ta sadaka ga mahaifinsa. Muntaka ya ce da so samu ne da ya yi, amma akwai ƙananan marayu cikin magada, ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙinsu. Aka ce wannan ma gaskiya ce. Ko tausayi ne ya kai hannunsa ga uban ranar nan, ko wani abu dabam, ni ban sani ba. Balki ta ce ita ta sani.

Shekara ba ta ga Maryama ba. A Matamaye ta mutu, yatsunta sun kanannaɗe, kuma har ta mutu in an ambace ta akwai masu cewa, ai ita ce wadda ta ce a bar tsoho a ƙasa. Da yawansu a tabarmarta suka sami ƙafar zuwa gulmar. Wannan yana ƙona mini rai har yau.

Da aka zo rabon gado, marayun da aka fake da su shanu aka ba su, Shekara kuwa a kason Muntaka ta faɗa. Da la'asar ɗin ranar Balki tana tare da ita a gindin rumbu, sai ga Inusa ya zo ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa.

"Maigida yana kira," in ji shi. "Ya ce tun ranar Idi da ya ɗaga Baba kafaɗarsa take ciwo."

Shekara ta dubi hannuwanta. Ta tashi ta ɗora yashi a wuta.